Mishmish na Malatiya: Dashensa da Kiwonsa

 Yau a filinmu na noma, in Allah Ya yarda, za mu ƙyale gero da dawa su huta, mu nufi ƙasar Turkiyya, mu yi bayani a kan wani itace wanda, ko da yake ba a ganinsa a gonakinmu, 'ya'yansa sun daɗe suna shigowa gidajenmu cikin tsarabar alhazai tare da dabino da zabibi, wato itacen da Larabawa ke kira mishmish. Duk wanda ya taɓa yin azumi a Misra ko Sudan ko Hijaz ya ɗanɗana shi, ko da bai tambayi asalinsa ba, gama ƙamaruddin ɗin nan mai launin rawaya, wanda ake jiƙawa a sha lokacin buɗa baki, naman mishmish ne aka tace, aka shimfiɗa a kan alluna masu man zaitun, aka shanya har ya bushe, kuma mutanen Guɗa, dausayin da ke kewaye da birnin Dimashƙa, su ne suka fi shahara da wannan sana'a. Cinikin kuwa ba na jiya ba ne, domin Ibn Batuta, matafiyin nan na Tanja wanda ya zo har Takadda a ƙasar Nijar ta yanzu cikin 1353, ya ambata a littafin tafiyarsa cewa ya tarar a garuruwan Antaliya da Konya da wani irin mishmish mai wannan suna, mai daɗin ƙwaya, ana busar da shi ana kaiwa Misra.

Da yake irin mishmish yana da yawa, kowace ƙasa da nata, kowane iri kuma da halinsa, idan muka ce za mu bi su duka sai lokaci ya ƙare ba mu ƙosar da ko ɗaya ba. Saboda haka muka zaɓi guda, wanda kaso mai yawa na busasshen mishmish da ke yawo a kasuwannin duniya daga gare shi yake, shi ne wanda Turkawa ke kira Hajihaliloglu, na lardin Malatiya.

Malatiya tsohon gari ne a gabashin Turkiyya, kusa da kogin Furatu, a kan wani shimfiɗaɗɗen fili mai tsayin kusan mita 1,000 daga bakin teku, duwatsu sun kewaye shi. A zamanin Abbasiyawa yana cikin garuruwan ribaɗi da ke kan iyaka tsakanin Musulmi da Rumawa, har Halifa Mansur ya sa aka sake gina shi. Amma a yau, idan aka ambaci sunansa a kasuwar Landan ko ta Jidda, mishmish ake nufi, gama babu wani lardi a duniya da ya kai shi fitar da busasshensa, itatuwan da ke cikinsa kuwa sun haura miliyan 7, fiye da rabinsu irin nan ne da muke magana a kai. Tun 1937 hukuma ta kafa wata tashar binciken itatuwa a garin, wadda daga baya ta zama ma'aikatar binciken mishmish, a 2017 kuma Tarayyar Turai ta yi wa sunan rajista, yadda ba wanda ke da ikon sayar da mishmish a ƙasashenta da sunan Malatiya sai in daga can ya fito.

Asalin irin kuwa itace guda ne, wanda ya tsiro daga ƙwallo a wata gona kusa da garin wajen tsakiyar ƙarni na 19, masu gonar suka lura cewa 'ya'yansa sun bambanta da na 'yan'uwansa, aka riƙa ɗibar idonsa ana aurawa ga wasu, sunan gidansu ya bi shi har yau. Abin da suka gani a gare shi, wanda ya isa a yi ta rainonsa fiye da shekara 150, shi ne wannan: ɗansa ba shi da girma, bai cika wuce giram 25 zuwa 35 ba, amma namansa da tauri, ruwansa kaɗan, zaƙinsa kuwa ya kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da ke jikinsa, ƙwallon kuma yana rabuwa da naman ba tare da wahala ba. Wanda ke son ya ci ɗanye zai sami waɗanda suka fi shi girma da ruwa, kamar Hasanbe, amma mai busarwa zaƙi yake nema, tun da ruwa tafiya zai yi, zaƙin ne zai zauna a kan ma'auni.

To, kafin mu shiga maganar dashe, wajibi ne mu yi bayanin wata ɗabi'a da Allah Ya sanya wa wannan itace, wadda in ba a fahimce ta ba, duk sauran bayanin ba zai yi amfani ba. Itatuwan da muka saba da su, mangwaro da gwaiba da lemo, zafi suke so, sanyi kuwa jimre shi kawai suke yi. Shi mishmish, idan watan Nuwamba ya kama, sai ya zubar da ganyensa ƙaf, ya shiga wani irin barci, kuma ba zai farka yadda ya kamata ba sai ya sha sanyi gwargwadon wani adadi sananne. Masana suna ƙidaya wannan adadi da sa'o'in da ma'aunin zafi ya yi tsakanin sifiri da digiri 7, sun kuwa samu cewa Hajihaliloglu yana bukatar wajen sa'a 850 zuwa 1,000 a kowace shekara. Idan bai samu ba, idanun furensa sukan kakkaɓe tun ba su buɗe ba, ganye ya fito jefi-jefi, itacen ya yi ta tsayuwa shekara da shekaru ba ɗa ko ɗaya. Hikimar abin a fili take ga mai tunani, domin da zai farka da rana ɗaya mai ɗumi a tsakiyar Janairu, da dusar ƙanƙarar da za ta biyo baya ta halaka shi.

A nan ne nake so in faɗa wa masu sauraro gaskiya, ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Hunturunmu, duk da jaurar da yake zuwa da ita, da wuya ƙwarai ya saukar da ma'auni ƙasa da digiri 7 a Kano ko Zinder ko Sakkwato, in ma ya saukar, na 'yan sa'o'i ne kafin hantsi. Ko a tsaunukan Jos, inda tuffa mai ƙarancin bukatar sanyi kan yi ɗan abin kirki, ba za a tara abin da ya yi kusa da sa'a 850 ba. Saboda haka duk wanda ya zo maka da dashe a leda ya ce irin Malatiya ne, ka saya ka dasa a bayan gida, to, ka riƙe kuɗinka, domin ko da gaske irin ne, inuwa kaɗai za ka samu, ita ma in ya rayu. Amfanin wannan bayani a gare mu yana wani waje, za mu kuwa zo kansa.

Abin mamaki a sha'anin wannan itace, sanyin da ba ya rayuwa sai da shi, shi ne kuma babban makashinsa. Yayin da yake cikin barci, ko ma'auni ya sauka digiri 20 ƙasa da sifiri, bai cika damuwa ba; amma mishmish yana daga cikin itatuwan da ke rigan 'yan'uwansu fure, a Malatiya wajen ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, tun ganye bai fito ba, kuma da zarar furen ya buɗe, digiri 2 ko 3 ƙasa da sifiri ya isa ya ƙone shi, idan kuwa furen ya zube ƙananan 'ya'ya sun ƙullu, digiri 1 ma ya wadatar. Dare guda ne, sau da yawa 'yan sa'o'in da ke gabanin asuba, lokacin da sama ta yi garau ba gajimare, iska kuma ta kwanta; manomi ya kwana da gona fara fat da fure, ya tashi ya tsaga fure ɗaya da farce, ya tarar cikinsa ya yi baƙi, ya san shekarar ta wuce shi. Haka ya faru a ƙarshen Maris na 2014, aka yi hasarar mafi yawan amfanin lardin, farashin busasshen mishmish ya yi tashin gwauron zabo a duniya. Haka kuma ya sake faruwa cikin Afrilu na 2025, wanda ya fi na farko muni, ya kuwa auka wa mutanen da ba su gama farfaɗowa daga girgizar ƙasar 6 ga Fabrairu 2023 ba. Allah Ya mayar musu da alheri.

Dalili ke nan da ya sa masu basira daga cikin manoman can suke cewa aikin gonar mishmish yana farawa tun daga zaɓen wuri, shekaru kafin a ga fure. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, don haka da dare takan gangaro daga kan tudu ta taru a kwari, kamar yadda ruwan sama ke barin jigawa ya kwanta a fadama. Wanda ya dasa a cikin kwari, saboda kwaɗayin ƙasa mai taushi da kusancin ruwa, shi ne ke fara shan duka, mai gona a gefen tudu kuwa, ko da tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce 'yan mitoci na tsayi ba, sau da yawa yakan tsira. Gangaren da ke fuskantar arewa, wanda rana ba ta saurin ɗumama shi, yana jinkirta fure da 'yan kwanaki, waɗannan 'yan kwanaki kuwa wani lokaci su ne ke raba mai riba da mai hasara. Idan masu duba yanayi suka yi gargaɗin dare mai hatsari, sai ka ga mutane sun fita da iyalansu suna hura wuta da tattaka a tsakanin layuka, masu hali kuma suna da manyan fankoki a kan dogayen turaku, waɗanda ke jawo iskar sama mai ɗan ɗumi su gauraya ta da ta ƙasa. Duk wannan yana iya ƙara digiri 1 ko 2, amma idan sanyin ya kai irin na 2025, dabara ta ƙare, sai tawakkali.

Bari in ɗan ratse a nan, gama wannan masifa malamanmu na fiƙihu sun san ta, sun kuwa ba ta suna, ja'iha. Shari'a ta hana sayar da 'ya'yan itace a kan uwarsu tun kafin alamar nuna ta bayyana, saboda gararin da ke ciki, kuma a mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, idan mutum ya sayi 'ya'ya a kan itace, sa'an nan sanyi ko fara ko makamancinsu suka halaka sulusi ko fiye, ana rage masa kuɗi gwargwadon abin da ya halaka. Wanda ya ji labarin daren Malatiya zai gane adalcin wannan hukunci ba sai an yi masa dogon sharhi ba. Ina kuwa fata masu sayar da lambun mangwaro tun yana fure, abin da ya zama ruwan dare a wasu garuruwanmu, su da masu saye, za su koma su tambayi malamai, domin iska tana yi wa furen mangwaro abin da ba shi da nisa da wannan.

Mu koma gona. Idan ka shuka ƙwallon Hajihaliloglu, itacen da zai fito ba Hajihaliloglu ba ne, wani sabon abu ne wanda ba a san halinsa ba sai ya haihu, galibi kuwa bai kai uwarsa ba. Turkawa suna kiran irin waɗannan tsirrai na ƙwallo zardali, kuma su ne gindin da ake yin aure a kai, domin saiwarsu tana nitsawa ƙasa ƙwarai, tana jimre fari da ƙasa mai farar ƙasa a cikinta. Ƙwallon ma ba ya tsira sai ya sha sanyi, don haka ake binne shi cikin yashi mai danshi a wuri mai sanyi wata 2 zuwa 3, ko a shuka shi a wurin raino tun kafin dusar ƙanƙara ta sauka. Idan tsiron ya yi kaurin da zai ɗauki wuƙa, wajen Agusta zuwa Satumba, lokacin da ɓawo ke saɓulewa cikin sauƙi, sai mai aure ya zo da rassan bana waɗanda ya yanko daga itace lafiyayye, sanannen iri, ya fere ido guda tare da ɗan ɓawonsa, ya tsaga ɓawon zardalin a tsaye kimanin santimita 3, sama kaɗan da ƙasa, ya gitta wata gajeriyar tsaga a bisanta, ya ɗaga leɓunan, ya zura idon, ya ɗaure tam ya bar idon a waje. Idon zai kama amma ba zai toho ba, zai kwana a haka har sanyi ya wuce, sa'an nan a datse kan zardalin daga saman idon, ƙarfin saiwa duka ya koma gare shi. Masu yi wa lemo aure a wurarenmu za su ce ai wannan aikinmu ne, kuma gaskiyarsu. Ke nan miliyoyin itatuwan Hajihaliloglu na Malatiya, a haƙiƙa, rassan itace ɗaya ne, hannun masu aure ne ya raba shi tsara bayan tsara.

Ana dasawa lokacin da itacen ke barci, bayan zubar ganye ko gab da farkawa. Ƙasar da yake so ita ce mai zurfi, mai sakin ruwa, gama babu abin da saiwar mishmish ta ƙi kamar ruwa kwance. 'Yan kwanaki a cikin taɓo sun isa su ruɓar da ita. Da yake irin nan yana girma sosai, rassansa suna miƙewa sama su buɗe, ana ba shi tazarar mita 8 zuwa 10 ta kowane gefe, wato itace 100 zuwa 156 a kadada guda. Mai sabon dashe yakan ga filin ya yi masa yawa, ransa ya raya masa ya cusa wasu a tsakani, amma bayan shekara goma rassa za su haɗe, rana ta kasa shiga, 'ya'ya su koma can ƙololuwa, cuta kuma ta sami mafaka. A gauraya ƙasar rami da ruɓaɓɓen taki, a tabbata gaɓar auren tana sama da ƙasa ba a binne ta ba, a shayar nan take, a datse kan dashen wajen tsayin ƙugu, domin ya fitar da rassa ta gefe. Daga cikinsu a zaɓi 3 zuwa 5 masu fuskantar ɓangarori dabam-dabam, waɗanda ba su fito daga wuri ɗaya ba, su zama ginshiƙan itacen har ƙarshen rayuwarsa. Yakan fara nuna 'ya'ya a shekara ta 3 ko ta 4, amma cikakkiyar haihuwa sai wajen shekara 10. Yana da kyau kuma a sa wani iri dabam mai fure lokaci ɗaya da shi a cikin gonar, a kawo amyar zuma, domin irin nan ba ya ɗaukar 'ya'ya sosai da ƙurar furensa shi kaɗai, kada kuma a fesa maganin ƙwari fure na buɗe.

Ruwan sama a Malatiya kaɗan ne, bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, mafi yawansa kuma da sanyi da farkon ɗumi yake sauka, daga Yuli zuwa Satumba kuwa sama a bushe take. Wannan rahama ce ga mai shanya, amma nauyi ne a kan mai shayarwa. Kowa ya san a ba itace ruwa yayin da 'ya'ya ke girma, a kuma janye shi gab da girbi domin zaƙi ya taru. Inda mutane da yawa ke kuskure shi ne bayan girbi, lokacin da hankalin gida duka ya koma wajen shanya da ciniki, aka manta da itacen da ya gama sauke kaya. Alhali a daidai waɗannan makonni ne yake ƙulla idanun furen baɗi a jikin rassansa, idan ƙishi ya kama shi a lokacin, baɗi fure zai yi ƙaranci ko da sanyi bai taɓa shi ba. Ga kuma wani maƙiyi da ke jiran wannan sakaci: wani baƙin buzuzu mai taurin baya, wanda masana ke kira Kafnodis, yana zuba ƙwansa a busasshiyar ƙasa kusa da gindi, tsutsarsa ta shiga saiwa tana ci daga ciki, ba a sani ba sai itace ya fara bushewa, ƙasa mai danshi kuwa tana kashe yawancin ƙwan. A ganina, da za a auna manomin mishmish, a watan Agusta ya kamata a leƙa gonarsa.

Batun aski kuma yana da nasa ladabi. Mishmish yana haihuwa a kan rassan bara da kuma wasu gajerun rassa waɗanda ba su wuce shekara 3 ko 4 suna aiki ba, don haka manufar aski ita ce rana ta shiga ciki, sababbin rassa su riƙa maye gurbin tsofaffi. Sai dai itace ne marar son rauni: idan aka sare babban reshe, musamman a lokacin danshi, cuta takan shiga ta bakin saran, ƙaro ya yi ta tsatsowa, reshen ya mutu, wani lokaci itacen duka. Saboda haka a yi aski kaɗan-kaɗan kowace shekara, da kaifin ƙarfe mai tsabta, a ranar da sama ta bushe, maimakon a bari sai ya cunkushe a zo da zarto. Ana kuma shafa wa gindi farar ƙasa domin kada rana ta tsaga ɓawo. Cututtukan da suka fi addabar wannan iri biyu ne, dukansu dangin funfuna: Moniliya, wadda ke shiga ta fure idan aka yi ruwa lokacin buɗewarsa, ta busar da furen da reshen da ke ɗauke da shi, da kuma wata mai huda ganye tana bar wa 'ya'ya ɗigo-ɗigo ja, wanda ke karya musu daraja a kasuwa. Maganinsu na farko shi ne a yanke duk reshen da ya kamu, a tsince busassun 'ya'yan da suka maƙale, a ƙone; na biyu kuwa feshin ruwan Bordo, haɗin gishirin jan ƙarfe da farar ƙasa, wanda aka gano a gonakin inabi na Faransa wajen 1885, ana fesa shi bayan zubar ganye, a maimaita kafin idanu su buɗe.

Idan Allah Ya tsare duk wannan, cikin watan Yuli 'ya'ya sukan nuna, kuma wanda za a busar ba a gaggauta masa, sai ya nuna sarai a kan uwarsa. A shimfiɗa tamfol a ƙarƙashi, a girgiza rassa, a kwashe cikin akwatuna, a jera su a wani ɗan ɗaki marar taga wanda suke kira islim, a kunna farar wuta, a toshe ƙofa, su kwana cikin hayaƙin. Hayaƙin nan shi ke riƙe launin rawaya, ya hana tsutsa da ruɓa. Da safe a baza su a rana kwana 2 ko 3, idan sun yi laushi sai mata da yara da 'yan ƙodago, waɗanda ke zuwa daga lardunan maƙwabta saboda wannan aiki, su zauna su matse ƙwallon daga kowane ɗa, ɗaya bayan ɗaya, su daidaita shi da yatsu, a mayar rana ya ƙarasa. Wajen kilo 4 na ɗanye ke ba da kilo 1 na busasshe. Akwai kuma wanda ba a yi wa hayaƙi, rana kaɗai ke busar da shi, launinsa ya koma ƙasa-ƙasa mai duhu; wanda bai sani ba yakan ɗauka lalacewa ya yi, alhali lafiyarsa lau, wasu ma sun fi son ɗanɗanonsa, kuma shi ya fi dacewa da masu ciwon asma, domin ragowar farar wuta tana tayar wa wasunsu da ciwo. Saboda irin wannan ne Tarayyar Turai ta iyakance ta, kada ta wuce miligiram 2,000 a kilo guda.

Ƙwallon ma ba a zubarwa, ana fasa shi a sayar da ƙwayar, ta Hajihaliloglu kuwa mai daɗi ce, ana cinta. Amma a nan akwai gargaɗi, ina roƙon a saurara da kyau. Ƙwayar zardali da ta wasu ire-iren mishmish tana da ɗaci, ɗacin nan kuwa alamar wani sinadari ne wanda, idan ya shiga ciki, yake rikiɗa ya zama dafin sayanaid, 'yan ƙwayoyi kaɗan suna iya jikkata babba, balle yaro. Wasu 'yan kasuwa, a ƙasashen Turai da Amurka da kuma ta intanet, suna tallarta da sunan maganin ciwon daji. Likitoci sun gwada abin a kan marasa lafiya, ba su sami wata waraka ba, sai alamun dafi. Duk ƙwayar da ka ɗanɗana ka ji ɗaci, tofar da ita, kada kuma a ba mai jinya.

Na ce amfanin wannan bayani a gare mu yana wani waje, ga shi. Mutanen Malatiya ba su ɗauko itacen wata ƙasa suka tilasta masa zama ba. A cikin abin da ƙasarsu ke fitarwa suka lura da guda mafi kyau, suka yawaita shi ta hanyar aure, suka kuma yi amfani da ranar da Allah Ya ba su, har abin da ba ya kwana bakwai ɗanye ya zama haja mai shekara tana tafiya. Mu ma muna da rana wadda ta fi tasu, muna da mangwaro da ke ruɓewa tuli-tuli a bakin hanya kowace bazara, muna da masu aure ƙwararru, kuma a kusan kowane gari akwai wani itace guda, na mangwaro ko dabino ko magarya, wanda kowa ya san ya fi sauran zaƙi, amma ba wanda ya ɗebi idonsa ko 'ya'yan gindinsa, ranar da ya faɗi irin ya tafi ke nan. Ina kira ga masu lambu da malaman gona, kowa ya nemi irin wannan itace a garinsu tun yana tsaye, ya nemi izinin mai shi, ya yawaita shi a daminar bana, ya kuma rubuto mana ya gaya mana sunan da mutanen garin ke kiransa, domin mu sanar da sauran masu sauraro.